Yadda Ake Zaɓa wa Yara Littattafan Ƙarin Sani: Daga Tambayar Yaro Zuwa Kantar Gida

Tun da na yi maganar 'yar kantar littattafan da ke ɗakin yaranmu, iyaye ba su daina tambayata ba: wane littafi zan saya wa ɗana, a ina ake samu, nawa zan tanada? Yawancin masu tambayar mata ne, sai malaman firamare da na Islamiyya. Littattafan da muke magana a kai ba na tatsuniya ko ƙagaggen labari ba ne, ba kuma na aji ba ne waɗanda makaranta ke rubutowa farkon zango. Su ne masu gaya wa yaro gaskiyar abin da ke kewaye da shi: dabbobi, taurari, jikinsa, tarihin garinsu, rayuwar mutanen da suka yi abin kirki, yadda injin niƙa ke aiki. Ni littattafan ƙarin sani nake ce musu.

Zan ambaci sunayen waɗanda na amince da su, amma suna kaɗai ba ya wadatarwa, domin littafin da ya kama ɗan maƙwabci ba lallai ya kama naku ba. Don haka ga matakan bi da bi. Kayan da za ku tanada ba su da yawa: ƙaramin littafin rubutu da biro, almakashi, gam, salatif mai faɗi, tsohuwar kalanda ko leda mai kauri, zare da allura, da akwati mai murfi. Idan akwai babbar waya a gidan za ta yi amfani a mataki na bakwai.

1. Ku saurari yaron kafin ku je kasuwa

Ku ware mako guda ba ku sayi komai ba. Aikinku a makon nan shi ne rubuta duk tambayar da yaron ya yi, ko da ta yi kama da shirme. Me ya sa wata ke bin mu idan muna tafiya? Ina ruwan famfo ke fitowa? Me ya sa janareta ke shan mai amma sola ba ta sha? Wa ya gina ganuwa?

'Yata tana shekara bakwai, wata rana da kaka muna zaune a tsakar gida ana sussukar gero, ta ɗaga kai ta kalli sheƙar da ke kan bishiyar maƙwabtanmu ta ce, "Baba, shamuwar nan da ta tafi, gidan wa ta koma?" Na iya ce mata ta bi ruwa, amma ban iya faɗa mata ƙasar da ta nufa ba. Na rubuta tambayar. Bayan kwana shida na duba takardar, sai na ga cikin tambayoyi goma sha ɗaya, bakwai duk a kan tsuntsaye da ƙwari ne. Wannan ya yanke mini shawarar littafinta na farko. Yayanta kuwa duk tambayoyinsa a kan wuta da inji suke.

Hattara: kada ku tambayi yaro "wane littafi kake so?" Bai san abin da ke akwai ba, kuma zai faɗi abin da yake jin zai faranta muku. Tambayoyin da ya yi ba tare da an sa shi ba su ne shaida.

2. Ku auna ƙarfin karatunsa

Ajin da yaro yake ba ya nuna inda karatunsa ya kai. Akwai ɗan aji biyar da har yanzu yake haɗa baƙi da wasali, akwai ɗan aji biyu da ke zuba karatu. Gwajin da malamai ke yi mai sauƙi ne. Ku buɗe tsakiyar littafi, ku ce ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, duk kalmar da ta gagare shi ku lanƙwasa yatsa ɗaya. Idan shafin ya ƙare da yatsa ɗaya ko babu, littafin ya yi masa sauƙi, zai iya karanta wa ƙanensa. Biyu zuwa uku, daidai da shi ke nan. Idan yatsu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare, wannan littafi ne da za ku karanta masa, ba wanda za ku bar shi da shi ba.

Ku yi gwajin sau biyu, da littafin Hausa da na Turanci, ko na Faransanci ga 'yan uwanmu na Nijar. Bayan ya karanta ku ce ya faɗa muku abin da ya ji, da Hausa, da bakinsa. A nan ne asiri ke tonuwa. Yara da yawa suna furta Turanci tiryan-tiryan amma ba su san me suka faɗa ba.

Ra'ayina a nan ba ya rawa: yaron da Hausa ce harshen gidansu, da Hausa ya kamata ya fara sanin duniya. Wanda ya gane yadda girgije ke haɗuwa da harshen uwarsa, ranar da ya gamu da bayanin da Turanci kalmomi kawai zai koya. Wanda kuwa aka haɗa masa sabon ilimi da sabon harshe a lokaci guda, hadda zai koma yi. Idan yaron bai iya karatu ba tukuna, ku fara nema masa littattafan koyon karatu, irin su Mu Karanta da aka yi amfani da su a firamaren jihohin Bauchi da Sakkwato, ku kuma ku riƙa karanta masa na ƙarin sanin.

3. Ku yanke abin da za ku iya cirewa

Farashin littafi yana tashi kamar na komai, don haka duk adadin da na faɗa yau gobe ya tsufa. Abin da ba ya canjawa shi ne tsarin: sabon littafi mai launi da aka shigo da shi daga waje ya fi kowanne tsada nesa ba kusa ba, sai sabon bugun gida, sai na gwanjo, sai wanda kuka sauke a waya kuka buga baƙi da fari. Na aro daga ɗakin karatu kuɗin mota ne kawai, sai ɗan abin rajista.

Ku sa wa kanku wani abu ƙayyadadde duk wata, ko da kuɗin katin waya ɗaya ne. Wanda ke ajiye naira dubu uku a wata, a wata huɗu yana da dubu goma sha biyu a hannu, kuma zai shiga shago da ƙarfin zaɓe. Ku guji watannin komawa makaranta, lokacin masu shago ba su da sararin sauraron ciniki. Iyaye mata uku ko huɗu kuma za su iya yin ɗan adashin littafi, kowa ta sayi daban a riƙa musanya.

Hattara da kwalin gwanjo da ake sayarwa a rufe. Na taɓa sayen guda don arha. Da na zo gida na zazzage, fiye da rabi littattafan bukukuwan wata ƙasa ne da jagororin na'urorin da aka daina yayinsu, guda huɗu kacal suka amfane mu, kuma kuɗin da na biya ya isa in zaɓi takwas masu kyau da hannuna. Abin ya yi mini ciwo, don kuɗin na wata uku ne.

4. Ku fara da ginshiƙai, sannan ku bi shekaru

Kafin komai gida yana buƙatar abu biyu da kowa zai yi amfani da su shekara da shekaru: ƙamus da littafin taswira. A ɓangaren ƙamus, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006 yana bayyana Hausa da Hausa, kuma yaro ɗan shekara goma zai iya koyon dubawa a ciki. Ga mai neman ma'ana tsakanin harsuna biyu akwai Sabon Ƙamus na Hausa Zuwa Turanci na Paul Newman da Roxana Ma Newman, wanda aka fara bugawa a 1977. Littafin taswira kuwa ku sayi sabo, na firamare ko na sakandare. Shi kaɗai ne ban yarda a saya a gwanjo ba, kuma za ku ga dalili a mataki na shida.

Daga shekara uku zuwa shida, hoto ne littafi. Ku nemi mai babban hoto ɗaya a shafi da kalma ɗaya ko jimla ɗaya, mai takarda mai kauri. Ko da rubutun na wani harshe ne ba komai, ku ne za ku faɗi sunan: raƙumi, jimina, kada, bushiya. Na fi son hoton gaske a kan zanen dabba sanye da riga.

Daga bakwai zuwa goma, a nan ne Ikon Allah na R. M. East da Abubakar Imam yake da gurbi. Ya fara fitowa a 1949, yana bayanin halittu iri-iri na cikin duniya, kuma har yau ban ga littafin kimiyyar yara da Hausarsa ta kai tasa daɗin karantawa da ƙarfi ba. Sai dai ku tuna shekarunsa: yanayin halittu da yake siffantawa yana nan, amma ilimi ya ƙaru sosai tun daga lokacin, don haka ku haɗa shi da sabon littafi mai hotuna. A na waje, jerin Eyewitness na kamfanin DK, da littattafan Usborne, da na National Geographic Kids, su ne na fi gani a gwanjo da kyawun aiki. Kowanne yana ɗaukar abu guda, kamar tsuntsu ko dutse mai aman wuta ko jirgin sama, ya baje shi da hotuna da gajerun bayanai. Akwai kuma ƙaramin littafin hoto Wangari's Trees of Peace na Jeanette Winter, a kan Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa a 1977, ta kuma zama macen Afirka ta farko da ta sami kyautar zaman lafiya ta Nobel a 2004. Yaron da ke ganin rairayi na cin gonaki a Yobe ko Damagaram zai gane wannan labari ba sai an yi masa dogon sharhi ba.

Daga sha ɗaya zuwa sha huɗu lokacin tarihi da tafiye-tafiye ne. Tafiya Mabuɗin Ilmi, inda Abubakar Imam ya ba da labarin zuwansa Ingila a 1943 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, yana koya wa yaro yadda ake kallon baƙon wuri da ido buɗe. Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano shi ma labarin tafiya ne. Ga tarihin gida akwai Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, ga al'adu da sana'o'i akwai Zaman Hausawa na Habibu Alhassan da abokan aikinsa, ga sira akwai Tarihin Annabi Kammalalle na Abubakar Imam. Yaron da hannunsa ba ya rabuwa da waya da batir kuwa, ku nema masa The Boy Who Harnessed the Wind, bugun da aka sauƙaƙa don matasa. Labarin William Kamkwamba ne na Malawi, wanda yunwa da rashin kuɗin makaranta suka zaunar da shi a gida, ya ga hoton injin iska a wani littafin ɗakin karatu, ya haɗa nasa da tarkacen keke da farfelar tarakta yana ɗan shekara goma sha huɗu, har ya kunna ƙwan fitila a gidansu. Ɗana ya karanta shi sau uku.

Daga sha biyar zuwa sama za su iya ɗaukar Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, sai kuma Tarihin Fulani na Waziri Junaidu. Hausarsu ta manya ce, a karon farko ku zauna tare.

5. Ku san inda za ku nufa

Tsofaffin littattafan Hausa yawancinsu bugun Zariya ne, na kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, ko na Gaskiya, don haka ku fara da shagunan da ke sayar da littattafan makaranta da kantunan littattafai na jami'o'i da kwalejojin ilimi. A Kano, Sabon Gari ta fi yawan na boko da na gwanjo, Kurmi kuma ta fi na addini. A kowane babban gari akwai masu baza littattafai a bakin titi kusa da tasha ko ƙofar makaranta, kuma a wajensu na sami mafi kyawun abin da ke kantarmu. Ku ba mai shago takardar sunayen da kuke nema da lambar waya. Idan ya ga kuna dawowa zai riƙa ajiye muku.

Kada ku manta da ɗakin karatu na gwamnati. Na Murtala Muhammad da ke Kano misali ne, kuma jihohi suna da nasu. Ku tambayi sashen yara da ka'idar aro. Ku tambayi tsofaffin malaman makaranta a danginku ma. Sau da yawa Ikon Allah yana kwance a ƙasan adakar wani kawu, ba wanda ya buɗe shi shekara ashirin.

6. Ku bincike littafin a tsaye, kafin ku biya

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, kuma minti biyar ya ishe shi. Kada kunyar mai shago ta hana ku.

Ku fara da bayan shafin farko, inda ake rubuta shekarar bugu da ƙananan baƙaƙe. Tarihin Kano ko rayuwar zaki ba sa tsufa da wuri. Littafin kwamfuta, sararin samaniya, lafiya da magunguna kuwa suna tsufa, don haka idan ya haura shekara goma zuwa goma sha biyar ku yi tunani sau biyu.

Idan akwai taswira, ku buɗe ta Nijeriya ku ƙirga jihohi. Sun zama 36 tun 1996. Idan kun ga Gongola, littafin ya girmi 1991, shekarar da aka raba ta zuwa Adamawa da Taraba. Idan babu Zamfara da Gwambe, ya girmi 1996. Idan Legas ce babban birni, ku ajiye shi, tun Disambar 1991 gwamnati ta koma Abuja. Sai ku buɗe ta Afirka ku nemi Sudan ta Kudu, wadda ta sami 'yanci a 2011, da Eswatini, wadda ta bar sunan Swaziland a 2018. Na taɓa ganin yaro ya faɗi tambaya a aji saboda tsohuwar taswirar gidansu, ya dawo yana kuka yana cewa ai haka littafi ya ce. Gaskiyarsa ne, laifin na wanda ya saya ne.

Idan na taurari ne, ku ƙirga duniyoyin da ke kewaya rana. Tun 2006 masana suka cire Fuluto daga jerin manya, suka zama takwas. Littafin da ya ce tara ba sai an jefar ba, amma ku gyara da biro a gaban yaron, ku faɗa masa dalili.

Sannan ku karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi. A littafin Hausa ku duba ko ana sa wa baƙaƙe ƙugiyarsu. Mai koyon karatu ba zai bambance baki da baƙi ba, ko kafa da ƙafa, idan maɗaba'a ta yi sakaci. Bugun Nijar yana rubuta ƴ inda na Nijeriya ke rubuta 'y, wannan ba kuskure ba ne, ku dai nuna wa yaro sau ɗaya. Abin gudu shi ne Hausar da inji ya fassara ba wanda ya duba, wadda ta fara yawa yanzu. Alamarta ita ce kowace kalma Hausa ce amma jimlar ba ta zauna a baki. Idan ku manya kun yi tuntuɓe, yaro faɗuwa zai yi.

Ku duba hotuna ɗaya bayan ɗaya, musamman a littafin jikin ɗan Adam da na tarihin wasu al'ummu. Ilimin jiki wajibi ne, amma ku ne za ku san shekarun da ya dace da hanyar da ta dace a gidanku. Ku duba kuma yadda littafin ya nuna Afirka. Idan namun daji da yunwa kaɗai ya gani a nahiyar, ba birni, ba malami, ba maƙeri, to yaronku zai sha wannan tare da sauran. Littafin tarihin addini kuwa ku nuna wa malamin da kuka amince da shi kafin ku miƙa wa yaro, kuma ku fifita wanda ke faɗin inda ya ciro maganarsa.

Daga ƙarshe ku riƙe littafin ta bango ku girgiza a hankali, ku bi lambobin shafi da sauri. Bugun sata yana da takarda shara-shara, hotuna sun dushe, wani lokaci shafi goma sha shida sun ɓace ko sun maimaitu a tsakiya. Ban da haƙƙin marubuci da ake ci, ba ya kai zango guda a hannun yaro. Littafi mai jerin kalmomi da lambobin shafinsu a ƙarshe ya fi wanda ba shi da shi, domin da shi yaro ke koyon neman amsa da kansa.

7. Ku cike giɓi da na waya

Akwai rumbuna na kyauta a intanet masu littattafan yara da Hausa: African Storybook, StoryWeaver da Bloom Library. Ku zaɓi Hausa a wajen harshe, ku zaɓi matakin karatu, ku nemi masu bayani a kan dabbobi, lafiya, lissafi ko muhalli, don yawancin abin da ke ciki labarai ne. An ba da izinin saukewa da bugawa. Ku sauke lokacin da data ke da arha, ku karanta da kanku tukuna, domin ingancin fassarar ya bambanta.

Na fi son a buga a takarda. Ku je shagon buga takardu ku ce a jera shafukan gaba da baya yadda za a naɗe su su zama ɗan littafi. Falle huɗu na takarda idan aka naɗe biyu suna ba da shafi goma sha shida. Ku tambayi kuɗin falle kafin a fara, ku buga baƙi da fari, yaron ya shafa launi da kansa. Mai launi ya ninka kuɗi sau da yawa, ku bar shi ga littafin da launin ne darasin, kamar na tsuntsaye. Ku ɗinke tsakiyar da zare, ƙarfen maƙala takarda yana tsatsa da damina.

Hattara: kada ku miƙa wa yaro waya da data a buɗe da sunan karatu ku tashi. Ku kashe data, ku zauna kusa.

8. Ku yi bango, ku yi ma'aji

Ranar da littafi ya shigo gida, ranar za a yi masa riga. Ku yanka tsohuwar kalanda ko leda ta fi littafin da faɗin yatsa uku ta kowane gefe, ku naɗe ciki, ku bi ƙashin bayansa da salatif mai faɗi. Yaron ya rubuta sunansa da kwanan wata a ciki.

Maƙiyan littafi a ƙasarmu huɗu ne: gara, ɓera, danshin damina da ƙurar hunturu. Kada littafi ya kwana a ƙasa ko ya jingina da bangon ƙasa. Akwatin ƙarfe ko na roba mai murfi, a ɗora kan bulo biyu, ya wadatar. Idan kanta ce, a kafa ta daidai tsayin yaro, a ɗan janye ta daga bango. Duk wata ku fitar da su ku kakkaɓe. Idan kun sa kafur saboda kyankyaso, ku ƙulle shi a ƙyalle inda ƙaramin yaro ba zai kai ba, guba ne idan aka haɗiya. Littattafan da ke da ayoyi ku ware musu saman kanta.

Amma kada tsaron ya yi yawa har ya zama kulle. Littafin da ke cikin sif ɗin baba da makulli a aljihunsa ba na yaro ba ne.

9. Ku karanta tare, ku fita ku gani

Ku sa lokaci ɗaya da ba ya motsi, minti goma sha biyar bayan Magariba ko bayan an ci tuwon dare, da fitila mai caji a kusa. Littafin ƙarin sani ba dole a bi shi daga farko zuwa ƙarshe ba. Yaron ya buɗe inda ya ga dama. Ku karanta kaɗan, ku tsaya, ku tambaye shi me ya gani. Idan ya yi tambayar da ba ku da amsarta, ku ce "zo mu duba", ku buɗe ƙamus ko taswira a gabansa.

Littafin waje sai an jawo shi gida. Idan ya lissafa yanayin shekarar Turai da dusar ƙanƙara, ku sa yaron ya jera namu: bazara, damina, kaka, hunturu, da abin da ake yi a kowanne. Idan ya nuna taurari, ku fita tsakar gida ku nuna masa Zara matar wata da Kaza da 'ya'yanta. Idan ya zo kan manyan dabbobin da suka shuɗe, ku gaya masa cewa a hamadar Nijar, a Gadufawa, an tono ƙasusuwansu, har akwai wanda aka sa wa suna Nigersaurus, kuma ana nuna irin waɗannan ƙasusuwa a gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai. Idan ana maganar jiragen ruwa na dā, ku ambaci kwalekwalen Dufuna na jihar Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya, mai shekara wajen dubu takwas. Gani ya kori ji: wanda ya karanta tarihin Kano ya hau Dala, ya shiga Gidan Makama, ya leƙa marinar Ƙofar Mata. Na Katsina ya je Gobarau, na Daura ya je Kusugu. Wanda ba shi da halin tafiya ya shuka wake a gwangwanin madara, ya riƙa auna tsayinsa da tsinke kowace safiya.

Hattara ta farko: kada ku mai da wannan zama jarrabawa. Ranar da tsawa ko bulala ta shigo, ranar yaron zai haɗa littafin da azaba. Ta biyu: duk gwajin da ya shafi wuta, lantarkin gida, ruwan batir ko reza, sai babba na tsaye. Ta uku ta fi damuna: a gidaje da yawa da an zauna karatu sai a ƙwala wa yarinya kira ta zo ta yi wanke-wanke, namijin ya ci gaba. Minti goma sha biyar ɗin nan nata ne ita ma, kwanuka su jira.

10. Ku yi musanya, ku rubuta wanda babu

Idan littattafai sun kai goma, ku buɗe shafi a littafin rubutun nan: sunan littafi, wanda ya ara, ranar da ya ɗauka, ranar da zai dawo. Yaron ne zai riƙe rajistar. Mako biyu ya isa aro, kuma ba a ba da na biyu sai na farko ya dawo. Wanda yara suka girme shi ku miƙa wa ƙannai ko makarantar unguwa.

Za ku tarar akwai tambayoyin da ba littafin da ya amsa su da Hausa. Ba na jin akwai abin da ya fi wannan ƙona mini rai a harkar nan, amma yana da magani a gida. Ku naɗe falle biyu su ba da shafi takwas, ku tura yaron wajen kakarsa ya tambayo yadda ake kaɗi da saƙa, ko wajen maƙerin unguwa ya ga yadda ake zuga, ya rubuta jimla biyu da zane ɗaya a kowane shafi, ya sa sunan wanda ya gaya masa.

Amsar shamuwa mun same ta a wani littafin tsuntsayen Afirka na gwanjo wanda bangonsa ya yage: tana hayayyafa a yankinmu da damina, idan ruwa ya ɗauke ta nufi gabashi da kudancin Afirka inda nasu ruwan ke sauka. 'Yata ta bi hanyar da yatsa a taswira, ta kwafe ta a ɗan littafinta mai shafi takwas. Shafin ƙarshe ta ja masa layuka, kowace shekara tana rubuta ranar da ta fara ganin shamuwa a kan bishiyar da ranar da aka yi ruwan farko. Yanzu layi huɗu ne suka cika.